Sharhi a Kan Kambas a Ƙasar Bici

Ɗalibai da yawa sun ƙwallafa rai a kan kambas ɗin nan Converse All Star, har wani yakan taɓa kuɗin abincinsa don ya saya. Shin ya cancanci haka?

Da farko dai a yaba masa. Tun 1917 aka fito da shi a Amurka domin 'yan ƙwallon kwando, kuma har yau ƙirarsa ba ta sake sosai ba. Yana wankuwa da sabulu, yana kuma shiga da ƙananan kaya.

Amma fa don daɓen katako aka yi shi. Duk wanda ya ratsa gonakin Bici da kaka ya san yadda ƙarangiya take kama yadi da igiya. Da damina kuwa, in ya sha ruwa sai ya kwana bai bushe ba. Ga kuma alwala: kana fama da kwance igiya, mai silifa ya riga ya shiga sahu.

Saboda haka, ɗan'uwa, in kana da wani takalmin na zuwa gida, sayi wannan domin aji. In kuwa guda ɗaya kuɗinka zai kai, haƙura da shi. Daidai ruwa, daidai tsaki.