Tuwona Maina a Sassan Koyar da Harsuna

A yawancin sassan harsuna na jami'o'inmu na Arewa, hanyar zama malami sananniya ce. Ɗalibi ya gama digirin farko da sakamako mai kyau, sai sashe ya riƙe shi a matsayin mataimakin malami. Ya yi digiri na biyu a hannun wanda ya koyar da shi, ya yi na uku a hannunsa ko a hannun ɗalibinsa, ya yi ta hawa tsani har ya kai farfesa, bai taɓa zama a gaban malamin wata jami'a ba. Shi kuma ya riƙe nasa ɗaliban. A ganina wannan tuwona maina ya fi ƙarancin kuɗi cutar da ilimin harshe a wajenmu, domin kowa na kukan kuɗi, shi kuwa ana yi masa kallon zumunci.

Waɗanda suka kafa fagen ba haka suka taso ba. M. K. M. Galadanci ya yi digirinsa na uku a Landan a 1969, kan nahawun Hausa. Dandatti Abdulƙadir ya yi nasa a Indiyana ta Amurka a 1975, Dauda Bagari a Kalifoniya a 1976, Ɗalhatu Muhammad a Landan a 1977, kan waƙoƙin Aƙilu Aliyu. Kowa ya dawo da irin tarbiyyar makarantarsa, suka tarar da irin su Ibrahim Yaro Yahaya da suka ƙoshi da ilimi a gida, ga baƙi irin su Paul Newman a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da ke Kano. Mutanen da ba malami ɗaya ya rene su ba sukan yi musu na gaske, wani ya ce wa wani bai yarda ba, kuma daga irin wannan musu mujallar Harsunan Nijeriya ta samu ƙimarta.

Yau wa zai ce wa wa bai yarda ba? Ƙaramin malami da ya san wanda ya duba kundinsa shi ne ya sa baki aka ɗauke shi aiki, shi ne kuma zai zauna a kwamitin ƙarin girmansa, ba zai tashi a taron ƙara wa juna sani ya ce Malam ya yi kuskure a rabe-raben aikatau ba. Kunya ma ta hana, balle tsoro. Sai ra'in Malam ya zama gado, a yi ta ɗora shi a kan sabon mawaƙi ko sabon gari: salo a waƙoƙin wane, al'adun aure a ƙasar kaza, aron kalmomi a kasuwar kaza. Kundi ya yi kauri, tambayar da ke cikinsa tsohuwa ce.

Illa ta biyu ta fi wannan tsanani. Sashen da ke ɗaukar ɗalibansa kaɗai ba zai samu abin da bai taɓa koyarwa ba. An raba guraben gida uku, harshe da adabi da al'ada, duk wanda bai faɗa ɗaya daga ciki ba babu kujerarsa. Sunan sashe na harsunan Nijeriya ne, ƙasar da ke da harsuna sama da 500, amma malamai nawa aka ɗauka domin su shiga ƙauye da na'urar ɗaukar magana su tsara nahawun harshen da ba a taɓa rubuta shi ba? Ƙamusoshin Bade da Bolanci da Karekare da Ngizim sun samu ne ta aikin da Russell Schuh na Kalifoniya ya yi tare da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri. Schuh ya rasu a 2016, kuma 'yan'uwan Hausa na dangin Cadi da ke Bauci da Filato na nan suna jiran mai kula.

Haka batun kwamfuta. Matasan da ke tara jimlolin Hausa suna koya wa na'ura fassara da gane magana, akasarinsu daga sassan kimiyyar kwamfuta suka fito. Suna buƙatar wanda ya san karin sauti da tsawon wasali, wanda zai gaya musu inda na'ura ke karya harshe. Da ɗayansu zai nemi aiki a sashen Hausa, abin da za a fara tambayarsa shi ne ina digirinsa na farko a Hausa.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Albashin malamin jami'a bai kai ya kwashe iyali daga Sakkwato ya je ya kama hayar gida a Maiduguri ba. Tsarin biyan albashi na IPPIS ya ɗaure hannun jami'o'in tarayya wajen ɗaukar ma'aikata har zuwa ƙarshen 2023 da gwamnati ta amince a cire su. Yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 ya sa wasu haziƙai sun bar koyarwa. Ga shi sababbin jami'o'in da aka buɗe a 2011 da 2013, irin su Dutse da Dutsin-Ma da Kashere da Gusau, sun jingina da malaman ziyara daga tsofaffin. Shugaban sashe zai ce maka gara ɗan gida da ya san halinsa, wanda ba zai gudu ba. Na ji. Amma wannan hujjar riƙe wasu ce, ba ta rufe ƙofa ga kowa ba.

Gyaran bai buƙatar jirgin Landan. A tallata gurbi a fili, a faɗi fannin da ake nema, a duba abin da sashe ya rasa kafin a duba wanda ke jiran layi. Duk mai neman aikin ya tsaya gaban malamai da ɗalibai ya koyar da darasi guda, a yi masa tambayoyi, da baƙon farfesa a cikin masu yanke hukunci. Ɗan gida da aka riƙe, a shardanta masa yin digiri na uku a wata jami'a: na Kano ya tafi Zariya, na Zariya ya tafi Maiduguri ko Ibadan ko Ilori, inda ilimin harsuna ya daɗe da kafuwa. A buɗe hanya da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, inda ake nazarin Hausa ta wata fuskar daban da tamu. A kuma ware gurbi ɗaya na haɗin gwiwa da sashen kwamfuta.

Tun 2012 doka ta ba farfesa damar aiki har shekara 70, don haka wanda aka ɗauka bana yana ɗan shekara 28 yana iya kaiwa 2060 da ɗoriya yana koyarwa. Kwamitin da ke zama ya zaɓe shi yana zaɓar abin da jikokinmu za su sani game da harsunansu ne, ya kamata ya tambayi kansa abin da wannan mutum zai kawo wanda babu shi a sashen.