Démineur: Gaskiya Biyu da Ƙarya Ɗaya

Duk wanda ya fara taɓa kwamfuta a zamanin Windows XP, ko a ɗakin kwamfutocin lakwal ko a sibar ta Ƙonni da Tawa, ya san wani ɗan fili mai ruwan toka da fuskar rawaya tana murmushi a samansa. Kwamfutocinmu da Faransanci suke, shi ya sa muka san shi da Démineur, wato mai kwance nakiya. Masu Ingilishi Minesweeper suke ce masa. Robert Donner da Curt Johnson suka ƙera shi a kamfanin Microsoft, ya fito a 1990, daga 1992 kuma ya riƙa zuwa a cikin Windows, har aka cire shi a 2012. A hutun nan na koma masa a wata tsohuwar kwamfuta a nan Illela, na tarar yana faɗin gaskiya biyu da ƙarya ɗaya.

Yawancinmu a da dannawa kawai muke har ta fashe, to bari in tuna muku ƙa'idar. An binne nakiyoyi a ƙarƙashin wasu gidaje. In ka buɗe gida marar nakiya, lamba za ta fito, tana gaya maka nakiya nawa ce a gidaje takwas da suka kewaye shi. Inda ka tabbata akwai ta, sai ka kafa tuta. Matakin ƴan koyo nakiya 10 ne, na tsakiya 40, na gwanaye 99 a cikin gidaje 480.

Gaskiya ta farko: zato ba sani ba ne. Misali, ka ga 1, 2, 1 a jere, gidajen da ke gabansu suna rufe. In ka natsu za ka gane nakiyoyin suna gaban ɗayan nan biyu, na gaban 2 ɗin kuwa lafiya lau yake. Ba duba ba ne, hujja ce ta kai ka. Wallahi ban san wani wasa da ke horar da mutum ya tambayi kansa "na sani ne ko ina ji ne?" kamar wannan ba. Mu da ke tura duk labarin da ya faɗo WhatsApp ba tare da mun ƙirga ko lamba ɗaya ba, muna bukatar wannan horon.

Gaskiya ta biyu ta fi ɗaci. Sau da yawa a matakin gwanaye, ka share fili duka da lissafi, sai gida biyu su rage a lungu, nakiya ɗaya, ba lambar da za ta raba maka gardama. Dole ka yi canke. Masu suka suna cewa aibi ne, kuma in ka kwatanta shi da darar da dattawa ke yi a ƙasa a bakin kasuwa, za ka ga hujjarsu. A dara, gurbi 30 ne, kowa da ƴaƴansa 12, komai a fili. In aka ci ka, dabarar abokin wasanka ce ta fi taka. Amma ni ban ɗauke shi aibi ba. Manomin da ya shuka hatsi da ruwan farko ya san wannan lungun: ya yi duk abin da sani ke yi, saura na Allah. Wasan yana nuna maka inda ilimi ya ƙare, kuma ba ya yarda ka fake da ƙaddara tun kana da sauran lambar da ba ka karanta ba.

Sai ƙaryar. In ka taka nakiya, fuskar nan ta mutu, ka danna ta, ta sake murmushi, an sake sabon fili. Dannawar farko ma an tsara ta yadda ba za ta taɓa fashewa ba. To mu a ƙasar nan nakiya ba zane ba ce. A Disamban 2007, lokacin tawayen arewa, nakiyoyi sun tashi da motoci a cikin garin Tawa da Maraɗi, an rasa rayuka. A Janairun 2008 wata ta kashe ɗan jarida Abdou Mahamane a Yamai. Ba wanda ya danna musu fuska suka dawo. Ba mu kaɗai abin ya dama ba: an yi ta ƙorafi a wasu ƙasashe, har a Windows Vista aka sa zaɓin furanni a madadin nakiya. Sai dai sauya hoto bai gyara komai ba, don har yanzu kuskure kyauta ne a cikinsa.

Saboda haka, ƴan uwa, shawarata ku neme shi ku yi, ana samunsa har a salula. Ya fi wasannin yanzu masu cin kati da cusa talla mutunta hankalin mai wasa. Amma ku sa wa kanku doka: kada ku buɗe gida sai kun iya faɗa wa na kusa da ku a fada dalilin buɗe shi. Ku riƙa yi kamar fili ɗaya aka ba ku, don da-na-sani ƙeya ce.