FreeStyle Libre: Ƴar Mitsitsiyar Na'urar Da Ta Hutar Da Yatsun Masu Ciwon Suga

Idan akwai abin da kimiyyar likitanci ta ƙera a ƴan shekarun nan da ya cancanci a miƙe tsaye a tafa masa, to wannan ƴar farar na'urar ce da ake mannawa a bayan damtse. FreeStyle Libre sunanta, kamfanin Abbott na Amurka ne ya fito da ita, kuma wallahi tun da na fara amfani da ita ban gaji da yabonta ba. Duk mai ciwon suga ya san azabar huda yatsa: da asuba a huda, kafin abinci a huda, bayan abinci a huda, har kan yatsu su yi kanta. Wannan na'ura ta zo ta ce a huta haka nan!

Faɗinta kusan na murfin kwalbar lemo ne. A ƙarƙashinta akwai wani siririn zare da ke shiga ƙasan fata, yana auna sugan da ke cikin ruwan jikin da ke kewaye da ƙwayoyin nama. A kan zaren an ɗora sinadarin da, da zarar ya haɗu da suga, sai ya haifar da ɗan ƙaramin lantarki, na'urar kuma ta mayar da ƙarfin lantarkin zuwa lamba. Kwana 14 take yi a jiki, a yi wanka da ita, a yi barci da ita. Samfurin farko sai ka kara waya ko ɗan akwatin karatu a kanta kafin ta faɗa maka sakamako. Samfurin Libre 3 kuwa da kanta take aika lambar zuwa wayarka kowane minti ɗaya.

Abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne ƴar kibiyar da ke gefen lambar. Gwajin yatsa iyakarsa ya ce maka suga 110 ne, bai san ko hawa yake yi ko gangarowa ba. Kibiyar nan ita ke nuna inda aka dosa. Ka ci tuwon shinkafa, ka ga layi ya ɗaga sama. Ka ɗan taka bayan cin abinci, ka ga ya kwanto. Abin da likita ya daɗe yana yi maka nasiha a kai, ga shi a gabanka ƙuru-ƙuru. Gani ya kori ji. Cikin dare kuma, lokacin da suga kan faɗi mutum na barci bai sani ba, Libre 2 da Libre 3 suna kaɗa ƙararrawa su tashe ka. Uwar da ɗanta ke shan insulin ita ta san darajar wannan ƙararrawar. Ga mai ciwon da likitansa ya amince masa ya yi azumin Ramadan, iya duba inda suga yake da la'asar ba tare da fitar da jini ba babbar ni'ima ce.

Ba dare ɗaya aka iso nan ba. A 1962 Leland Clark da Champ Lyons suka bayyana dabarar haɗa sinadarin da ke gane suga da waya mai ɗaukar lantarki. A 1999 Amurka ta amince da na'urar farko mai bibiyar suga ba yankewa, ta kamfanin MiniMed, amma likita ne ke karanta sakamakonta bayan kwanaki. Libre ta shiga kasuwar Turai a 2014, ta samu izinin Amurka a 2017. A 2018 aka hange ta a damtsen Firaministar Birtaniya ta lokacin, Theresa May, wadda ke da nau'in ciwon suga na ɗaya, sai duniya ta ƙara waigowa.

Kasuwa kuwa ta amsa da babbar murya. A 2023 cinikin Libre kaɗai ya haura dala biliyan 5, masu amfani da ita sun wuce miliyan 5 a ƙasashe sama da 60. Abokin gogayyarta Dexcom ya yi cinikin kimanin dala biliyan 3.6 a shekarar. Dalilin a fili yake: Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta manya miliyan 537 ne ke da ciwon a 2021. A 2022 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ba da shawarar a samar wa duk mai nau'i na ɗaya irin wannan na'ura. A 2024 kuma Amurka ta ba da izinin sayar da irin waɗannan na'urori, Stelo ta Dexcom da Lingo ta Abbott, ba tare da takardar likita ba. Ni dai ban ga kuɗin da ya fi na wannan ciniki halatta ba, domin sauƙi aka sayar wa mutane, suka ji a jikinsu, suka dawo suka ƙara saya.

Tana da ƴan sharuɗɗanta. Lambarta kan yi jinkirin ƴan mintuna a bayan ta jini, don haka idan jikinka ya saɓa da abin da waya ta nuna, sai ka koma ga yatsa ka tabbatar. Babban ƙalubalen shi ne tsada, tunda duk mako biyu sai an sayi sabuwa, ga shi da dala ake shigo da ita. Afirka na da masu ciwon suga miliyan 24 a ƙiyasin 2021, ana kuma hasashen su kai miliyan 55 nan da 2045, da yawansu ko tsinken gwajin yatsa da ƙyar suke saya.

Shi ya sa nake kira ga hukumomin inshorar lafiya na Najeriya da Nijar su sanya wannan na'ura cikin abin da suke biya, su fara da yara masu shan insulin. Kai kuma mai karatu, idan kana da hali, ko kana da mahaifi mai fama da suga, ka tuntuɓi likita ku gwada ta ko da na kwana 14 ne. A wurina dai ta ci maki goma cif!