Shin "Honey" Zuma Ce? Tsokaci Kan Wata Fassara

Akwai wata kalma ta Ingilishi da ta cika littattafanmu na soyayya da finafinan da ake juya mana zuwa Hausa, watau "honey". Wasu marubuta sukan bar ta yadda take. Wasu kuwa, don kishin harshe, sai su ce "zumata" ko "zumana". Da waɗannan na biyu nake son in ja, domin a ganina kishin nasu ya yi kyau, amma fassarar ba ta yi ba.

Babu musu, asalin ma'anar kalmar ita ce zumar da ƙudan zuma ke yi. A tsohon Ingilishi "hunig" ake cewa, Jamusawa kuma har yau "Honig" suke cewa. Tun ƙarni na 14 Ingilishi suka fara kiran masoyi da ita. To, amma abin da aka shekara fiye da 600 ana faɗa safe da yamma, ai dole zaƙinsa ya salance. Yau Ba'amurke zai ce wa matarsa "honey" yana tambayarta inda ta ajiye makullin mota, ba tare da zuma ta faɗo masa a rai ba. Akwai fim ɗin barkwanci na 1989 mai suna Honey, I Shrunk the Kids, inda magidanci ke shaida wa matarsa ɓarnar da ya tabka. Duk wanda ya sa "zumata" a nan ya mai da mai neman mafita mai zance.

Ba ma tsakanin miji da mata kaɗai take ba. Uwa takan kira ɗanta da ita, inda mu za mu ce "ɗan albarka" ko "auta". A kudancin Amurka mai sayar da abinci takan faɗa wa baƙon da ba ta taɓa gani ba, kamar yadda tamu za ta ce "samari" ko "bawan Allah". Wani lokaci kuma raini ne tsantsa, irin namu na "yarinya". Saboda irin wannan ne, da ƙungiyar lauyoyin Amurka ta kafa ƙa'idar hana cin zarafi a 2016, jaridun ƙasar suka ba da labarin a matsayin hana kiran lauyoyi mata "honey" a kotu. Mai fassarar da ya ba wa waɗannan duka kalma guda ya ɓatar da labarin.

Mu dawo gida. Bahaushe bai raba zuma da mai yin ta ba, suna ɗaya ya ba su, shi ya sa yake cewa zuma ga zaƙi ga harbi. A wurinsa kuma magani ce, wadda Alƙur'ani ya ambata a Suratun Nahli. Saboda haka "zumata" a bakin magidancin Hausa nauyi gare ta, kunne ba ya barin ta ta wuce. Balle a gidan da kunya ta hana mace ambaton sunan mijinta, sai "maigida" ko "Malam". Ban ce ba mu da kalmomin ƙauna ba. Ga "masoyiyata", ga "rabin raina", ga "sahibata". Kowace da muhallinta.

Inda abin ya fi ba ni dariya shi ne "watan zuma", wai fassarar "honeymoon". Larabawa da Faransawa sun yi irin wannan aro, ya kuma zauna musu, na yarda. Amma a dubi tarihin kalmar. Tana cikin littafin karin magana na John Heywood na 1546, a 1552 kuwa Richard Huloet ya bayyana ta a ƙamusunsa da cewa ƙaunar sababbin ma'aurata ce mai zafi da farko, wadda za ta ragu daga baya. Watau wata na sama ake nufi, mai cika ya ragu, habaici ne ke nan. Ma'anar tafiya yawon shaƙatawa sai a ƙarni na 19 ta yaɗu. Labarin nan da ake yayatawa, wai ango da amarya kan sha giyar zuma kwana 30, masana asalin kalmomi ba su sami hujjarsa ba. Mu kuwa muna da "cin amarci", muna da kwana bakwai na budurwa da uku na bazawara. Me ya kai mu aro?

Haka "honeyed words". Ba yabo ba ne, daɗin baki ne ko romon baka. "Honey trap" kuma tarko ne da ake ɗana wa mutum da mace don a tatsi asirinsa, aikin 'yan leƙen asiri. Wanda ya rubuta "tarkon zuma", mai karatu a Bichi zai ɗauka amya ake nufi.