Lissafin Mashaya Jini a Ma'aunin Maita

A shekarar 2007 Costas Efthimiou da Sohang Gandhi suka buga maƙala a mujallar Skeptical Inquirer ta Amurka, don su rushe camfin Turawa game da matattu mashaya jini, irin su Dirakula. Suka ƙaddara cewa na farko ya ɓulla ran 1 ga Janairu 1600, mutanen duniya suna 536,870,911, kowane mashayi yana cizon mutum ɗaya a wata, wanda aka ciza kuma ya rikiɗa. Adadinsu zai riƙa ninkawa, cikin wata 30 ba sauran ɗan Adam. Tun da yake mutane suna nan, in ji su, ashe babu mashaya jini.

Lissafin daidai ne, ƙaddarawar ce mai rauni. Ginin duka a kan ginshiƙi ɗaya yake, wato wanda aka ciza ya zama mai cizo. In aka kai hujjar nan Jahun aka auna ta da maita, sai ta faɗi. A camfin Bahaushe, wanda aka kama wa kurwa ba ya zama maye. Ko dai ya mutu, ko a sa mayen ya tsallake shi. Maita a nono ake shanta, ko a sayi ƙanƙararta. Ɗan maye ma, in uwarsa ba mayya ba ce, nauru ne, yana gani ba ya ci. Yaɗuwar da ke jiran haihuwa ba ta ninkawa wata-wata, saboda haka mai imani da maita zai saurari malaman nan ya tashi da abinsa.

Giɓin ba ƙarami ba ne, domin tsohuwar da yaro mai zazzaɓi ya ambata cikin sambatu ita ke shan duka. Lissafin da zai wanke ta kuwa a maƙwabta aka yi shi. Daga binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a Garki, a Jihar Jigawa ta yau, Dietz da Molineaux da Thomas suka fito da nasu tsarin a 1974. A nan wanda aka ciza lalle yakan zama mafarin cutar wani, musamman da damina, lokacin da fadamun kogin Haɗeja ke cika. Amma sun sa warkewa da garkuwar jiki cikin lissafi, abin da ke bayyana dalilin da ƙananan yara suka fi manya kwantawa. Maƙalar 2007 ba ta da gurbin ko ɗaya daga cikin biyun.