Littafin Manstein: Laifi Tudu Ne

Daga cikin littattafan da manyan mayaƙan Jamus suka rubuta bayan yaƙin duniya na biyu, ba wanda ya kai na Erich von Manstein shahara. An buga shi da Jamusanci a 1955, sunansa Verlorene Siege, watau nasarorin da suka kuɓuce, aka juya shi da Ingilishi a 1958. Mun ga ya kamata mu auna shi tare da masu karatu, gama har yanzu mutane da yawa daga bakinsa suke ɗauko dalilin faɗuwar Jamus da ƙawayenta, ko da ba su taɓa ganin bangonsa ba.

Bari mu fara ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Manstein gwanin yaƙi ne, kuma gwanin alƙalami. Shi ya tsara dabarar da Jamusawa suka ratsa dajin Ardennes suka karya Faransa cikin mako shida a 1940. Shi ya ci Sebastofol a 1942, ya ƙwato Karkof a 1943. In yana bayanin yadda ake juya runduna, sai ka ce malami ne a gaban allo, ba ya barin ɗalibi a baya. Wanda ke son sanin yadda sarkin yaƙi ke tunani zai ƙaru ƙwarai.

To, amma jigon littafin fa? A taƙaice cewa yake yi Hitila ne ya ɓata kome da taurin kai, ya hana ja da baya inda ya kamata a ja. Da an sakar wa gwanaye ragama, in ji shi, ko ba a ci Rasha ba, da an yi kunnen doki. Nan muka rabu da shi. Hitila ya mutu tun 1945, matacce kuwa ba ya musu.

Abin da littafin ya kau da kai daga gare shi shi ne irin ƙawancen da Jamus ta shiga. A watan Satumba 1940 Jamus da Italiya da Japan suka sa hannu a takardar alkawari a Balin, amma kowa da tasa ƙullalliya a ciki. Wata guda bayan haka Musolini ya faɗa wa Girka bai shawarci Hitila ba, ya sha kashi, sai da Jamusawa suka zo ceto. A watan Afrilu 1941 Japan ta yi alkawarin zaman lafiya da Rasha, a watan Yuni Hitila ya auka wa Rasha. A watan Disamba Japan ta kai hari Pearl Harbor, bayan kwana 4 Hitila ya ɗaura yaƙi da Amurka, alhali Japan ba ta ɗaga ko tsinke a kan Rasha ba. Italiya kuwa ta rasa Habasha a 1941, inda sojan Nijeriya suka taka rawa, ba wanda ya kawo mata gudummawa.

Dubi ɗaya ɓangaren. Ingila da Amurka sun haɗa manyan hafsoshinsu majalisa guda tun farkon 1942. Rusbel da Cocil da Sitalin ba su amince da juna ba, amma sun zauna a Tehran a 1943 sun yanke shawara ɗaya. Amurka ta aika wa Rasha motoci wajen 400,000. A 1944 kaɗai ta ƙera jiragen sama wajen 96,000, Jamus 40,000, Japan 28,000. Wace dabara ce a bakin kogin Don za ta cike wannan giɓi?

Abin mamaki, shaidar tana cikin labarin Manstein kansa. A Sitalingirad, a watan Nuwamba 1942, ta wajen rundunonin Romaniya Rashawa suka fasa, domin an tsai da su gadin gefe ba a ba su isassun bindigogin fasa tanka ba. A Kursk kuma, a watan Yuli 1943, yana kukan Hitila ya tsai da hari ana gab da nasara. Ai dalili shi ne Ingilishi da Amurkawa sun sauka Sisili, Italiya na tangal-tangal. Kafin watan ya ƙare an tuɓe Musolini, a 1944 Romaniya da Finlan suka juya baya. Mai mulkin danniya ba ya iya abota, bara kawai ya sani, bara kuwa ranar wuya yake gudu.

Akwai kuma shirun da ya fi wannan nauyi. A 1949 kotun sojan Ingila a Hambug ta same shi da laifin yaƙi, ta yanke masa shekara 18, aka sake shi a 1953. A yankin rundunarsa a Kirimiya an kashe Yahudawa dubbai, shi da kansa ya fitar da umurni a watan Nuwamba 1941 yana halatta tsananta musu. Littafin ya tsallake wannan kamar ba a yi ba. Alhali kuwa zaluncin nan yana cikin dalilan faɗuwa: mutanen Yukiren da yawa da suka ƙi Sitalin, da suka ɗanɗani mulkin Jamus sai suka koma maƙiyanta.

Saboda haka shawararmu ga malamai da ɗalibai, a karanta littafin nan, amma a karanta shi kamar jawabin wanda ake ƙara a gaban alƙali. Ya taka nasa tudun ya hango na ubangidansa. Mai neman gaskiyar tarihi sai ya saurari sauran shaidu kafin ya yanke hukunci. Allah ya kiyashe mu da sake ganin irin wannan masifa, amin.