Fatma Begum da Matsalar Tarken Fim Marar Magana: Darasi Daga Majigi

1.0 Gabatarwa

Manazarta fim a ƙasar Hausa sun saba fara bayanin tasirin finafinan Indiya daga lokacin da waƙa da rawa suka riga suka kafu a cikinsu. Wannan takarda za ta koma baya kaɗan, zuwa zamanin da hoto yake motsi babu murya, domin ta dubi aikin Fatma Begum. Manufarmu ita ce mu nuna cewa ma'aunin da muke tarken 'yar wasa da shi, wato zaƙin murya da iya furuci, bai dace da irin aikinta ba, kuma majigin da aka riƙa kai wa garuruwa irin su Zakirai ya bar mana hanyar gyara wannan ma'auni.

2.0 Rayuwarta da Aikinta

An haifi Fatma Begum a 1892, ta kuma fara wasan kwaikwayo a dandamali cikin harshen Urdu. A wancan zamani fitowar mace a fim abin kunya ne, har ma da Dadasaheb Phalke ya shirya Raja Harishchandra a 1913, namiji ne, Anna Salunke, ya fito a matsayin sarauniya. Wannan ƙyama ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya san yadda ake kallon 'yan wasa mata a ƙasarmu.

Fatma ta shiga fim a 1922 cikin Veer Abhimanyu. A 1926 ta kafa kamfaninta, Fatma Films, ta ba da umarnin Bulbul-e-Paristan, wanda ya sa ake lissafa ta mace ta farko da ta yi wannan aiki a Indiya. 'Yarta Zubeida ita ce tauraruwar Alam Ara na 1931, fim na farko mai magana a ƙasar. Ke nan uwa da 'ya sun tsaya a gaɓa biyu ta kogi ɗaya. Fatma ta rasu a 1983.

3.0 Da Me Za A Auna Ta?

'Yar wasan fim marar magana kayan aikinta uku ne: fuska, da isharar hannu, da yanayin tafiya. Akan saka rubutu tsakanin fitowa da fitowa, to amma 'yan kallo da yawa ba su iya karatu ba, saboda haka nauyin isar da jigo a jikinta ya rataya. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A nan fuskar ce kaɗai ke ba da labarin. Da magana ta shigo sai ma'auni ya sauya. Alal misali Sulochana, wadda ta yi fice ƙwarai a shekarun 1920, sai da ta dakata ta koyi harshen Hindustani kafin ta ci gaba da sana'arta.

Matsala ta biyu ta fi wannan tsanani. Bulbul-e-Paristan ya ɓace, haka ma Alam Ara, domin faifan wancan lokaci yana saurin ruɓewa da kama wuta. Abin da ya rage shi ne hotuna da tallace-tallacen jarida. Waɗannan za su iya gaya mana wa ya fito, amma ba za su nuna mana yadda ta ɗaga ido ko ta sunkuyar da kai ba. Idan aiki ya ɓace, shaidar da ta saura ita ce ta wanda ya gani da idonsa.

4.0 Majigi a Ƙasar Kano

A nan ne namu tarihin ya shigo. An buɗe siliman Rex a Kano a 1937, amma mutumin karkara ta hanyar majigi ya fara ganin hoto mai motsi. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, a ƙarƙashin William Sellers, wanda ya taɓa zama jami'in kiwon lafiya a Ikko. Yawancin finafinan sashen na farko ba su da magana. Mota ce ke zuwa da injin wuta da farin ƙyalle, mai bayani kuma ya riƙe lasifika yana fassara abin da ake gani da Hausa. Wato salon da ya shuɗe a Bombay ya ci gaba da rayuwa a ƙauyukanmu.

Abin lura ga mai tarke shi ne, macen da aka nuna tana wanke jariri ko tace ruwa, wani namiji ne ke magana a madadinta. Saboda haka saƙo biyu ɗan kallo yake karɓa a lokaci guda: na bakin mai bayani, da na jikin 'yar wasa. Ba dole ba ne su dace. Mai bayani darasin hukuma yake isarwa, alhali idon ɗan kallo yana iya tsayawa a kan ɗaurin zanenta ko yadda ta goya ɗa, ya yanke hukuncin ko tamu ce ko baƙuwa. Gani ya kori ji. Wannan hukunci na ido shi ne ainihin tarken da ya dace da aikin Fatma Begum da ire-irenta.

5.0 Kammalawa

Waɗanda suka kalli majigi suna yara a shekarun 1950 yanzu sun haura shekara saba'in. Muna ba da shawara sassan Hausa na kwalejojin ilimi su tura ɗalibai Zakirai da sauran garuruwan Gabasawa su ɗauki bayanin waɗannan dattawa, maza da mata. A tambaye su abin da mai bayani ya faɗa, sa'an nan a tambaye su daban abin da suka ga macen ta yi. Faifan Fatma Begum ya riga ya salwanta, amma shaidunmu suna nan da rai, kuma kowace shekara raguwa suke yi.